Tambaya: Yaya ake haɗa baƙin abin sha na soyayyen tsiron dawa, mai nauyi a baki, ba tare da ya juya ba?

Habu Mai Shayi, daga wani ƙauye a gefen Birnin Kudu

Assalamu alaikum. Ina gaida iyayenmu da malamanmu da ke wannan zaure, tare da yi mana barka da shigowar sanyi.

Ni mai shayi ne, shekarata goma sha ɗaya ina kafa tebur a bakin hanyar da ta ratsa ƙauyenmu, da damina kuma ina noma 'yar dawa kamar kowa. Abin da ya kawo ni wani ɗanɗano ne da na sani tun ina yaro, ya ɓace mini, yanzu kuma nake neman hanyar dawo da shi. Gwaggona, Allah ya jiƙanta, takan yi wani abin sha da hunturu wanda ba kunun zaƙi ba ne, ba koko ba ne, ba kuma shayi ba. Daga tsiron dawa take yin sa, sai dai takan ware wani kaso na tsiron ta soya shi a kasko har ya yi duhu kafin ta haɗa. Idan ta kammala, yakan fito baƙi wuluk a cikin ƙwarya, amma in aka karkata ƙwaryar wajen hasken fitila sai a ga gefensa ya yi ja kamar ɓawon dabino. Yana da kauri ta yadda yakan bar shaida a jikin ƙoƙo bayan an shanye. Kurɓar farko zaƙi ne irin na mazarƙwaila, sai garɗi ya biyo baya kamar na ƙanzon tuwo da aka ɓamɓaro daga gindin tukunya, sannan can a ƙarshe wani ɗaci mai taushi ya zauna a bayan harshe, ya daɗe bai tafi ba. Ba ta taɓa ba kowa fiye da ƙaramin ƙoƙo ɗaya ba, mu kuma ba mu taɓa neman ƙari ba, domin wannan ɗin yakan wadatar da mutum har ya kwanta.

Na gwada sau uku a bana. Na farko ya fito da ƙauri, ɗacinsa irin na toka ne, yana maƙaƙi a maƙogwaro. Na biyu ya yi launi mai kyau amma ya zama tsararo, babu nauyi, babu zaƙi sai wanda na zuba da hannuna. Na uku shi ne ya fi kusa, sai dai ragowar da na bari a tukunya ta kwana biyu, da na buɗe na tarar da kumfa a samanta da wani wari mai tsami, nan take na zubar.

Tambayoyina uku ne. Yaya ake soya tsiro ya yi duhu bai ƙone ba? Daga ina kauri da zaƙin nan suke fitowa idan ba a zuba sukari ba? Ta uku kuwa ita ta fi damuna. Wani ƙanena da ke karatu a Dutse ya ji ina siffanta abin, sai ya ce siffar ta yi daidai da ta wata baƙar giya mai ƙarfi ta Turawa da ya taɓa karanta labarinta. Maganar ta tsaya mini a rai, domin ina so in sa wannan abin sha a teburina, kuma ba zan miƙa wa Musulmi abin da ni kaina nake kokwanto a kansa ba. Ina ne iyakar da ke tsakaninsu?

Hajiya Tabawa, Sumaila

Wa alaikumus salam. Ɗana Habu, Allah ya jiƙan gwaggonka, ya kai haske kabarinta. Na haura shekara talatin ina yin kunun zaƙi na sayarwa, kuma duk da ban san abin shanta da suna ba, aikin tsiro na san shi, to bari in faɗa maka abin da hannuna ya koya.

Tun daga hatsin ake gyara. Ka nemi kaura ko farafara ta bana, wadda ƙwari ba su huda ba, domin tsohuwar dawa rabinta ba ya tsirowa, wanda bai tsiro ba kuwa ruɓewa yake yi ya ɓata sauran. Ka jiƙa ta kwana ɗaya kana canja ruwan, sannan ka tsame ka baza a kan jiƙaƙƙen buhun algarara a ɗaki mai inuwa, ka rufe da wani buhun, kana yayyafa ruwa safe da yamma kana juyawa da hannu don kada ta yi zafi ta dunƙule. Da irin wannan sanyin takan ɗauki kwana huɗu, da zafi kuwa uku sun isa. Duk inda ka ga fumfuna, baƙa ko koriya, ka kwashe wurin gaba ɗaya ka zubar, kada ka yi tausayin hatsi. Daga nan sai shanya a rana har sai ƙwaya ta yi ƙaras a haƙori.

Ga wani mataki da yaran yanzu suke tsallakewa, kuma ina roƙonka kada ka tsallake shi. Bayan ya bushe, ka murje shi sosai tsakanin tafukan hannu har saiwar da ɗan kan tsiron su kakkarye, ka sheƙe, ka bakace a faifai har ƙwaya ta fita tas. Kai manomi ne, ka san abin da gyauron dawa yake yi wa saniya idan ta ci shi ɗanye. Abin da ke cikin gyauron nan yana cikin saiwa da kan tsiro, ga shi kuma su ne suke fara ƙonewa a kasko su ba ka ɗacin toka. Ina kyautata zaton da su ka soya a gwajinka na farko.

Suya kuwa ba a yin ta a kan harshen wuta. Ka bari itace ya ci ya zama garwashi, ka ɗora kaskon ƙasa, ka zuba tsiro kaɗan yadda bai wuce kaurin yatsa ba, kana juyawa ba tsayawa kamar mai suyar gyaɗa. Hancinka ne zai yi maka jagora. Da farko za ka ji ƙanshin tumu, sai ya koma na ƙanzo, sai ya koma na gahawa. Da zarar hayaƙi mai yaji ya fara shiga idonka, ka makara. Ka riƙa fasa ƙwaya ɗaya da haƙori kana duba cikinta, domin baya yakan yi baƙi alhali ciki fari ne, ko kuma ciki ya zama gawayi. Kana saukewa ka juye a faranti mai faɗi ka baza, don kasko yakan ci gaba da suya ko an raba shi da wuta. Kada kuma ka yi amfani da shi a ranar, ka ajiye shi a ƙwarya ya sha iska kamar mako guda, ƙaurin zai kwanta.

Batun zaƙi, mu a kunu raba ƙullu muke yi biyu, a dama kaso mafi yawa da tafasasshen ruwa, a bari ya ɗan huce, sannan a zuba ɗanyen kason da aka niƙa da tsiro ko busasshen dankali. Kana kallo damun da ya yi tauri zai saki ya tsinke, ya yi zaƙi da kansa. Idan ka zuba tsiron a ruwa yana tafasa, ka kashe shi. In ka gama, ni dai shawarata ka sa citta da kanumfari da 'yar mazarƙwaila, masu sayen shayi ba su saba da ɗaci ba.

Malam Nasiru, Rano

Malam Habu, abin da Hajiya ta faɗa shi ne ginshiƙin aikin, ni bayanin dalili kawai zan ƙara, domin na karanta kimiyyar abinci, kuma na yi 'yan shekaru a ɗakin gwaji na wani kamfani da ke sarrafa tsiron dawa.

Ƙwayar hatsi rumbun sitaci ce. Idan ta jiƙa ta fara tsirowa, takan samar da wasu sinadarai da ake kira amiles, waɗanda aikinsu shi ne su yanyanka sitaci ya koma sukari don ɗan tsiron ya ci. Shanya tana dakatar da tsirowar, amma sinadaran suna nan a kwance, da sun haɗu da ruwa mai ɗumi sai su farka. Sun fi aiki idan zafin ruwa yana tsakanin digiri 60 zuwa 70, tafasa kuwa tana lalata su. Dawa tana da wata wahala da sha'ir ba shi da ita: sitacinta ba ya nuna sai zafi ya haura digiri 70, wato daidai inda sinadaran suke fara mutuwa. Abin da iyayenmu mata suka gano tun da daɗewa, na dafa kaso ɗaya a bari ya huce sannan a zuba ɗanyen, shi ne maganin wannan wahalar, kuma masana'antu ma dabarar da ta yi kama da ita suke bi. Ga yadda za ka yi: ka ɓarza tsiron da ba a soya ba, ka jiƙa shi a ruwan randa na awa ɗaya, ka tsiyaye ruwan saman ka ajiye, domin sinadaran suna cikinsa. Ka dafa dusar da ta kwanta har ta yi kamar talge, ka sauke ta huce zuwa inda yatsa zai iya taɓawa ya janye da sauri, ka mayar da ruwan da ka ajiye, ka rufe tukunyar da bargo na awa ɗaya da rabi. Sannan ka tace, ka mayar wuta ka tafasa. Soyayyen tsiro ba ya ba da zaƙi, wuta ta riga ta kashe sinadaransa, launi da ƙanshi da ɗaci kawai yake bayarwa. Saboda haka kaso ɗaya cikin goma ya ishe ka, kuma ina zaton a gwajinka na biyu soyayyen ne ya rinjayi fari. Kauri kuwa daga abu biyu yake zuwa: yawan tsiro a kan ruwa kaɗan, da doguwar tafasa har ruwan ya ragu da kashi ɗaya cikin uku.

Gargaɗin Hajiya game da gyauro gaskiya ne ƙwarai. Saiwa da kan tsiron dawa suna ɗauke da wani sinadari mai suna durin, wanda yake sakin guba irin wadda ke fita daga rogo mai ɗaci. Shanya, murjewa, sheƙewa da tafasa a buɗaɗɗiyar tukunya su ne suke kawar da haɗarin.

Yanzu ga maganar ƙanenka. Bai yi ƙarya ba, kuma gara ka ji labarin a fili. Abin da yake nufi ita ce giyar da ake kira imferiyal sitawut. Kalmar sitawut a Turancin da tana nufin ƙaƙƙarfa, imferiyal kuwa tana nufin ta sarauta. A ƙarni na 18 masu dafa giya a Landan suna yin wata baƙar giya mai nauyi suna aikawa da ita ta Tekun Baltik zuwa Rasha, har ta shiga fadar Sarauniya Katarina, wadda ta yi mulki daga 1762 zuwa 1796, daga nan sunan sarauta ya bi ta. A 1817 wani Bature mai suna Daniyel Wila ya yi rajistar wata gangar ƙarfe mai juyawa a kan wuta, irin ta suyar gahawa, wadda take soya tsiron sha'ir a zafin da ya haura digiri 200 har ya yi baƙi bai zama gawayi ba. Juyawar da Hajiya ta ce ka yi ba tsayawa, ita ce gangar nan take yi. Masu ɗanɗana wannan giya sukan ce suna jin gahawa, da baƙar cakulan, da busasshen inabi, da ɗigon rake, da ɗan hayaƙi, kuma mafi yawan waɗannan daga suyar hatsin suke fitowa, ta hanyar haɗuwar sukari da sinadaran furotin a kan zafi, wadda wani masani ɗan Faransa, Luwi Kamil Mayar, ya bayyana a 1912. Ita ce dai take ba ƙanzo da tsire da ɓawon burodi launinsu da ƙanshinsu. Ka ga ke nan garɗin da kake nema na wuta ne da hatsi.

Inda hanya ta rabu shi ne bayan tafasa. Su sukan ƙara furen wani tsiro mai yaɗo da suke kira hop don ɗaci, sannan su sanyaya ruwan su zuba yis, su bar shi makonni yana cin sukarin yana mayar da shi barasa, har ta kai kashi 8 zuwa 12 cikin ɗari, wani lokaci ma fiye. Kai kuwa a tafasa za ka tsaya. Abin da ya faru da tukunyarka ta uku shi ne, yis ɗin da ke yawo a iska da jikin ƙwarya da muciya ya sami ruwa mai zaƙi ya fara wancan aikin ba da izininka ba, kuma ka yi daidai da ka zubar.

Ba kai kaɗai ke neman daɗin soyayyen hatsi ba tare da maye ba. A Italiya ana shan gahawar soyayyen sha'ir, a Japan da Koriya ana shan shayinsa. A nan gida ma Maltina tana kasuwa tun 1976, kuma bayan gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanoni suka koma kan dawarmu, irin wadda ake lodi a Dawanau. Sai dai ni a ganina abubuwan sha na kwalba sun cika zaƙi, ɗacin da gwaggonka ta iya ba ya cikinsu.

Ustaz Ɗahiru, Gwaram

Allah ya saka wa Malam Habu da alheri da ya tambaya kafin ya sayar. Bayanin Malam Nasiru ya sauƙaƙa mini, domin ya nuna daidai gaɓar da hukunci yake sauyawa.

Shari'a ba ta rataya haramci a kan launi ko ɗaci ko irin hatsin da aka yi amfani da shi ba, a kan maye ta rataya shi. Lokacin da aka aiki Abu Musa al-Ash'ari zuwa Yaman, ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da abubuwan sha biyu na can, ɗaya na zuma, ɗaya na hatsi, sai aka ba shi amsa da ƙa'ida guda, cewa duk abin da ke sa maye haramun ne. Ya kuma tabbata cewa abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. A ɗaya gefen, Ibn Abbas ya ruwaito cewa ana yi wa Annabi jiƙon zabibi, ya sha a ranar da washegari har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage kuma a shayar da shi ko a zubar. Ruwa mai zaƙi da aka samo daga 'ya'yan itace ko hatsi halal ne matuƙar bai juya ba.

Sai dai kada ka riƙe kwana uku a matsayin lasisi. Naka ya yi kumfa a kwana biyu da hunturu, to ina ga watan Afrilu, lokacin da kunu yake tashi kafin la'asar? Ka dafa gwargwadon abin da zai ƙare a daren, ka bar shi a kan garwashi kamar yadda kake barin ruwan shayi, ragowar kuma kada ta wayi gari don sayarwa. Ka wanke tukunya da mataci da ruwan zafi kowace rana, musamman ƙwarya, wadda take riƙe tsohon tsami a jikinta. Shawara ta ƙarshe, kada ka bari samari su laƙaba masa sunan waccan giyar ko da da wasa, domin suna yana jawo zato, zato kuma yana ɓata sana'a. Ka kira shi da sunan hatsinsa.

Alhaji Sabo, Ringim

Kowa ya yi magana a kan dahuwa, ni a kan sha zan yi, domin na ga abin kirki da yawa ya lalace a hannun mai gaggawa. Na zauna shekaru a Sudan ina ƙuruciya, a can na koyi shan jabana, gahawar da ake dafawa a 'yar tukunyar ƙasa mai dogon wuya a zuba a finjali, kuma tun daga lokacin bakina ya san cewa ɗaci iri-iri ne. Akwai na maɗaci da shuwaka, wanda yake kama baki gaba ɗaya. Akwai baurin goro. Akwai kuma ɗacin suya, wanda yake zuwa a makare, ya zo da ƙanshi, shi ne wanda Habu yake nema.

Hajiya, ki gafarce ni, a nan kaɗai zan saɓa miki. Idan ya zuba kanumfari da mazarƙwaila tun a tukunya, wahalar mako biyu ta tafi a banza, domin kanumfari ba ya zama da kowa, duk inda ya shiga shi kaɗai ake ji. Na yarda da 'yar citta, ita ma ƙanƙanuwa, don ta ba da ɗumi a maƙogwaro, kamar yadda ake sa ta a jabana. Zaƙi kuwa a ajiye shi a gefe. Ka ba mutum dabino biyu ko ɗan gutsuren mazarƙwaila a hannu, ya gatsa ya kurɓa, shi zai daidaita wa kansa.

Habu, ɗana, gwaggonka ta san abin da take yi da ta tsaya a ƙaramin ƙoƙo. Kada ka zuba shi a babban kofin shayi. Ka nemi finjali ko ƙaramin kofin gilashi, ka zuba rabi, don a sami wurin da ƙanshi zai taru. Kada a sha shi yana ƙuna, harshen da ya ƙone ba ya rarrabe komai, kada kuma a sa masa ƙanƙara, sanyi mai yawa yana danne zaƙi da ƙanshi. Mai sha ya fara kai shi hanci. Ya kurɓi kaɗan ya bar shi ya zagaya baki kafin ya haɗiye, sannan ya rufe baki ya fitar da numfashi ta hanci, a nan ne garɗin yake bayyana, domin rabin abin da muke kira ɗanɗano hanci ne yake jin sa, shi ya sa mai mura ba ya jin daɗin miya. Ya dakata kafin kurɓa ta biyu. Zai lura cewa finjali ɗaya yana sauya hali yayin da yake hucewa: da zafinsa gahawa ce, da ya yi ɗumi sai dabino da ƙanzo su fito, ƙarshensa kuma ya fi farkonsa zaƙi. Duk mai cin goro ya san yadda ruwa yake yin zaƙi a baki bayan an tauna, to haka wannan ma, ka ajiye moɗar ruwan randa kusa.

Ba kowa ne zai so shi ba. Wanda ya saba da shayi mai madara da cokali huɗu na sukari zai yamutsa fuska a ranar farko. Ka fara da dattawan da suke zama bayan sallar isha'i, waɗanda ba sa sauri.

Habu Mai Shayi

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na yi shiru kwana goma sha shida domin ina so in dawo da sakamako a hannu.

Na yi tsiro da kaura tiya biyu, na murje na bakace kamar yadda Hajiya ta ce, kuma na yi mamakin yawan saiwar da ta fita, ta kusa cika ƙaramin faifai. Na soya kashi ɗaya cikin goma a kan garwashi, amma na raba shi biyu, rabi na sauke yana launin dabino, rabi na kai shi launin gahawa, na bar su mako guda a ƙwarya. Na bi hanyar Malam Nasiru ta tsiyaye ruwa da mayarwa, kuma da na buɗe bargon na tarar talgen ya tsinke, na ɗanɗana na ji zaƙi tun ban sa komai ba. Na tafasa shi kusan awa biyu a buɗe. Abin da ya fito bai kai tulu ɗaya ba, amma baƙi ne, yana bin jikin ludayi, ƙaurin nan da maƙaƙin sun tafi. Citta kaɗai na sa, Hajiya ki yi mini afuwa, na kuma ajiye mazarƙwaila a faranti don masu so, kuma samari duk sun so. Ustaz, na kira shi baƙin tsiro, ina dafa na dare ɗaya, tukunya tana kwana a wanke a kife.

Dattawa biyar na fara ba wa a ƙananan kofuna, na gaya musu yadda Alhaji Sabo ya ce a sha. Ɗaya ya ce ya fi son shayinsa. Uku sun dawo washegari sun tambaya. Na biyar ɗin maƙwabcin gwaggona ne tun suna yara, ya riƙe kofin ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce zaƙin da kaurin sun yi daidai, ɗacin ma ya zo a inda yake zuwa, amma nata yana da wani ɗan ƙanshin hayaƙi da nawa ba shi da shi. Da na koma gida na yi ta tunani, sai na tuna cewa ita ba a rana kaɗai take shanya tsironta ba, takan ɗora shi a faifai a kan ragaya can saman murhu, inda hayaƙin girki yake ratsa shi kwana da kwanaki, kuma da karan dawa take yawan hura wuta.

Hajiya, Malam Nasiru, ko hayaƙin kara ne yake ba da wannan ƙanshin, ko kuwa sai na itace irin su marke? Kuma kwana nawa ya kamata tsiro ya yi a saman murhu kafin hayaƙin ya yi masa yawa? Na jiƙa wata tiya ɗaya yau da asuba, nan da kwana biyar za ta isa shanya.